Naira 100 a Awa: Nazarin Yadda Wani Ɗalibi a Kano Ya Sauya Aikin da Yake Riƙe Karatunsa

Ɗan yayata ne, yana da shekara 20 lokacin da wannan al'amari ya taso, yana aji biyu a sashen Fiziks na wata jami'ar gwamnati a Kano. Ba zan ambaci sunansa ba, haka nan sunayen mutanen da ya yi wa aiki, domin abin da nake so a duba shi ne lissafin da aka yi da matakan da aka bi. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma tun bayan rasuwar mahaifinsa duk shawarar da ta shafi karatunsa a wurina mahaifiyarsa take nemanta, saboda haka na ga lamarin daga farkonsa, har da wuraren da shawarata ta jawo masa wahala kafin ta yi amfani.

Ya samu gurbin karatu a lokacin da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu 2022 aka janye a tsakiyar Oktoba, ya hargitsa jadawalin karatu, don haka bai shiga aji ba sai a farkon 2023, daidai lokacin da ake fama da ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira. Bai gama zangon farko ba aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu ranar 29 ga Mayu 2023, ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin adaidaita sahu ya bi ta. A shekarar ne kuma jami'o'in gwamnati da dama suka ƙara kuɗin rajista. Dangi sun yi karo-karo sun biya masa rajistar, amma kuɗin mota na kullum, da na buga takardun darasi, da na data, da abin da zai sa a bakinsa da rana, duk sun koma wuyansa, domin mahaifiyarsa ɗinki take yi a gida, ga ƙannensa huɗu a gabanta.

Wani maƙwabcinsu, Alhaji mai rumfunan POS guda uku, shi ya ɗauke shi aiki. Yana zama a rumfa daga ƙarfe 3 na rana zuwa 10 na dare daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar kuma daga 8 na safe zuwa 9 na dare, albashi naira 20,000 a wata. Tsarin aikin sananne ne ga duk wanda ya taɓa cire kuɗi a bakin titi: mai rumfa ya ba yaro tsabar kuɗi, mai buƙata ya sa kati ko ya tura ta waya, a caje shi kamar naira 100 a kan kowace 5,000, da dare a zauna a yi lissafi, duk gibin da aka samu a cire daga albashin yaro. A watan Nuwamba wani ya nuna masa alat na bogi da magariba, lokacin da mutane suka yi cincirindo kuma sabis yana wahala, ya karɓi naira 18,000 ya tafi. Alhaji ya raba masa biyan gida uku, naira 6,000 duk wata. Da sakamakon jarrabawar ƙarshen shekara ya fito, sai ga shi ya faɗi darussa biyu, kuma duka biyun masu aikin ɗakin gwaje-gwaje ne da ake yi da rana, wato daidai lokacin da yake barin makaranta ya nufi rumfa.

A farkon 2024 ya zo gidana bayan sallar isha'i. Buƙatarsa ɗaya ce, ya ce: “Kawu, so nake ka yi wa Alhaji magana ya ƙara mini ko da dubu biyar ne, tunda yana jin nauyinka.” Na ce masa zan yi in ya zama dole, amma ya fara ɗauko takarda mu ga abin da yake sayarwa da farashin da ake saye. Awa 48 yake yi a mako, wato sama da awa 200 a wata. In aka raba naira 20,000 a kan wannan, kowace awa ba ta cika naira 100 ba. Zuwa rumfa daga makaranta da komawa gida da dare yana ƙara masa naira 300 a kan kuɗin motarsa na kullum, wato 7,800 a kwanakin aiki 26, saura 12,200, kimanin naira 60 a awa. A watannin da ake cire bashin alat kuwa, naira 30 ce take rage masa a awa. Ƙarin dubu biyar da yake roƙo zai ɗora naira 25 ne kacal a kan kowace awa, kuma ba zai dawo masa da ko ɗaya daga cikin ranakun ɗakin gwaje-gwaje ba. Sannan na ƙara masa da abin da bai taɓa sawa a lissafi ba: in darussan da ya faɗi suka taru har suka sa ya maimaita shekara, kuɗin rajistar wannan shekarar kaɗai zai cinye abin da yake tsira da shi a watanni masu yawa na zaman rumfa. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba.

Wani abokin karatunsa ya gaya masa cewa doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da naira 30,000, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi tun 2019 kafin a mayar da shi 70,000 a Yulin 2024. Gaskiya ne, amma dokar da kanta ta keɓe wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba, da masu aikin wucin gadi na 'yan awoyi, da waɗanda ake biya kamasho. Kusan duk aikin da ɗalibi ke iya samu a Kano yana cikin waɗannan rukunai, don haka dokar ba ta kai gare shi. Ban kuma yarda a ɗauki Alhaji a matsayin azzalumi ba, kuma na gaya wa yaron haka. Aikin POS a kwana biyu ake koyonsa, kuma a unguwarsu kaɗai akwai samari goma da za su karɓi rumfar washegari a kan wannan albashi ko ƙasa da shi. Duk aikin da za a iya maye gurbin mai yinsa kafin gari ya waye, ladansa ba ya tashi don an roƙa. Wannan ne ya sauya tambayar da muke yi wa kanmu: maimakon wa zai ƙara masa albashi, sai muka koma neman aikin da awoyinsa kaɗan ne, za a iya tsara su a gefen karatu, kuma ba kowa ne zai iya yinsa ba.

Mun auna hanyoyi da dama, mafi yawansu ba su ɗauke mu lokaci ba. Koyarwa a makarantar kuɗi da safe ake yi, albashinta kuma bai wuce na rumfa ba. Zama yaron shago a Kantin Kwari ko Singa hanya ce da ta fitar da 'yan kasuwa da yawa, sai dai tana son mutum ya ba da yininsa gaba ɗaya na shekaru kafin maigida ya sallame shi da jari. Tuƙin adaidaita sahu da yamma yana kawo kuɗi a hannu, amma sai an fara haɗa balas ɗin mai mashin da kuɗin mai kafin direba ya ga nasa, kuma wanda ya yi tuƙi har sha ɗayan dare ba zai zauna da littafin Fiziks ba. Buɗe rumfar POS ta kansa na buƙatar jarin da ba mu da shi. Akwai kuma mainin ta waya, wato neman kuɗin kirifto, da ya mamaye samarin Arewa a shekarar, ana ta dangwalen fuskar waya dare da rana da fatan fashewa. Shi ma ya taɓa, na ce masa ya rubuta awoyin da yake zubawa da datar da yake ƙonawa a gefe ɗaya, abin da ya shigo aljihunsa a ɗaya gefen, bayan makonni kaɗan ya bari da kansa.

Hanya biyu suka rage, muka yanke shawarar a haɗa su. Ta farko ita ce koyar da yara lesin a gida. Na haɗa shi da gidaje biyu da 'ya'yansu ke shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, kuma na kauce wa iyayen ɗalibaina na makaranta don kada abin ya zama kamar ina ciniki da aikina. Gida na farko yara biyu ne, kwana uku a mako, awa ɗaya da rabi kowace rana, naira 15,000 a wata. Na biyu yaro ɗaya, kwana biyu a mako, naira 10,000. Jimilla naira 25,000 a kan awa 30 da ɗoriya, kimanin naira 800 a awa, ninki takwas na abin da rumfa ke biya, kuma duk bayan la'asar ko bayan magariba. Raunin lesin shi ne na lokaci ne: da an gama jarrabawa a Yuni ko Yuli iyaye sukan dakatar, wasu kuma sukan ja biya har tsakiyar wata. Zai riƙe mutum, amma ba zai ɗaga shi ba, shi ya sa muka nemi hanya ta biyu.

Akwai wani mai aikin wuta da muke sallah a masallaci ɗaya, kowa Injiniya yake kiransa, makarantar koyon sana'a ya yi sannan ya ƙware a fagen aiki, a 'yan shekarun nan kuma ya koma haɗa wutar sola. Dalilan da suka sa na ga sana'ar ta dace a bayyane suke. Man janareta ya gagari masu ƙananan sana'o'i, wutar gwamnati ba ta zama, a watan Afrilun 2024 ma hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Masu sayar da ƙanƙara, masu cajin waya, masu kemis da ke ajiye magani a firij, masu rijiyar burtsatse, masallatai, kowa yana tambayar kuɗin sola. Sannan abin da yaron ke karantawa a aji game da ƙarfin wuta da gudunta da juriyar waya shi ne ainihin cikin aikin. Na ɗauke shi muka je gidan Injiniya da goro, kamar yadda ake miƙa yaro koyon sana'a. Na nemi ya yarda yaron ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi da lokutan hutu kawai, shi kuma ya ce a watannin farko babu lada sai abinci da kuɗin mota. Na so a rubuta, ya ce: “Malam, ni ban saba rubutu tsakanina da yarana ba, amma abin da na faɗa a gabanka shi ne.” Na amince, kuma daga baya na gane cewa na bar wani gibi babba, domin ba mu yanke ranar da watannin farkon za su ƙare ba, ba mu kuma faɗi abin da zai biyo bayansu ba.

Mahaifiyarsa ba ta so ba. Ta ce mini: “Kai da kake ƙanena ka fi kowa sanin yadda gidan nan yake, dubu ashirin ɗin nan tana zuwa duk wata, yanzu za ku sa yaro ya saki reshe ya kama ganye.” Maganarta tana da nauyi, domin albashin rumfa tabbas ne, lesin kuwa alkawari ne na baki, koyon sana'a kuma babu ko sisi. Na ce mata: “Yaya, ba zai bar rumfa ba sai ya karɓi kuɗin lesin na wata guda a hannunsa.” Haka aka yi. Ya haɗa biyun na wata ɗaya cikin azumi, da wahala ƙwarai, ya ba Alhaji sanarwar wata guda, ya kawo masa wani yaro amintacce ya koya masa aikin, sannan ya ajiye bayan ƙaramar sallah a Afrilun 2024. Na nace a kan wannan rabuwa ta mutunci saboda a gari irin Kano wanda ka bari yau shi za a tambaya game da halinka gobe.

A watan Mayun shekarar asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya buɗe shafinsa na neman bashi. Bashin ba shi da ruwa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata na ɗawainiya, biya kuma sai shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Mahaifiyarsa ta ƙyamaci a ce ɗanta ya fara rayuwa da bashi a ka. Ni kuma abin da na gani shi ne adadin daidai yake da albashin rumfa, wato kamar an saya masa awa 200 ne a wata an mayar masa. Ya nema, amma kafin kuɗin su fara shigowa aka gama jarrabawa, gida ɗaya ya dakatar da lesin, ya shiga watanni biyu masu tsanani yana rayuwa a kan naira 10,000. Wasu ranaku a ƙafa yake yin rabin hanyar makaranta. Na ranta masa naira 15,000, kuma a wannan lokacin ban da amsar da zan ba yayata in ta dube ni.

Watanni ukun farko a wurin Injiniya ɗaukar kaya ne: hawa da farantan sola kan rufin kwano a zafin bazara, riƙe tsani, huda bango, jan waya. Abin da ya fito da shi daga cikin sauran yaran shi ne lissafin lodi. Injiniya da ido da gogewa yake kimanta abin da gida ke buƙata, sau da yawa yana dacewa, amma mai gida yakan matsa a rage kaya saboda tsada, bayan mako biyu kuma ya dawo yana ƙorafin cewa wuta na ɗaukewa ƙarfe biyun dare. Yaron ya fara shiga gida da littafi yana rubuta kowane abu da awoyin da ake kunna shi. Misalin da ya nuna mini: ƙwan fitila 8 masu wat 10 na awa 6 sun ci wat-awa 480 (wato wat sau awoyi), fanka 3 masu wat 60 na awa 10 sun ci 1,800, talabijin mai wat 80 na awa 5 ya ci 400, jimilla 2,680 a yini, ba a sa firij ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma in na ruwa ne rabinsa kawai ya kamata a riƙa sha in ana so ya daɗe, wato 1,200, ga kuma abin da inbata ke cinyewa wajen juya wutar. Saboda haka mai wannan gida da yake son batir ɗaya, uku yake buƙata, ko ya rage fanka. Haka nan faranti mai wat 300, ko da an samu awa 5 ta rana mai ƙarfi, abin da ke isa batir bayan zafi da ƙura da asarar waya bai cika wuce 1,200 ba, kuma a lokacin hunturu in ba a goge ƙurar ba ya ragu ƙasa da haka. Ya kuma riƙa bayyana wa masu gida dalilin da ya sa ake fuskantar da faranti kudu da ɗan karkata, tunda Kano tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da dalilin da ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata dole ta yi kauri.

Wannan takarda ta yi wa Injiniya amfani ta fuska biyu. Mai gida da ya ga lissafi a rubuce ya fi saurin yarda da farashi, wanda kuma ya dage a rage masa kaya an riga an nuna masa a rubuce inda wutarsa za ta tsaya, don haka rigima ta ragu. Daga nan Injiniya ya fara ba shi naira 5,000 a ƙaramin aiki, 10,000 a babba. A cikin damina ya yi kuskuren da ya ƙona na'urar daidaita caji: ya cire batir alhali farantan suna haɗe ana rana, alhali ƙa'ida ita ce batir ake fara haɗawa, shi ne kuma ake cirewa a ƙarshe. Na'urar ta kusan naira 40,000 ce. Injiniya ya yi masa faɗa sosai a gaban sauran yara, sannan ya ɗauki rabin asarar, rabi kuma aka riƙa cirewa daga ladansa.

Babbar jarrabawar ta zo a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta samu layin Ugwuaji zuwa Apir suka jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu sama da mako guda, ga litar fetur ta haura naira 1,000. Wayar Injiniya ba ta huta ba. Yaron ya yi kwana shida bai leƙa aji ba, ban sani ba sai daga baya. Abin da ya fi wannan muni, wani maƙwabcin gidan da suka yi wa aiki ya ja shi gefe ya ce ya zo ya haɗa masa shi kaɗai a kan rabin kuɗin aikin da Injiniya ke karɓa. Ya amsa, ya ari kayan aiki a wurin wani, ya yi aikin a ɓoye, ya karɓi naira 30,000, kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu daga aikin kwana biyu ba. Ba a yi mako ba Injiniya ya ji labari daga bakin mai shagon kayan wuta a Sabon Gari inda aka sayi wayar, ya aiko a gaya mini cewa kada yaron ya sake zuwa.

Hukuncina a nan bai canza ba har yau: yaron ya yi laifi. Mai gidan ya san shi ne ta hanyar Injiniya, ya karya farashin maigidansa da ilimin da maigidan ya ba shi, kuma da wuta ta tashi a gidan sunan Injiniya za a kira. Na gaya masa haka ba tare da sassautawa ba, na kuma haɗa da maganar kwana shidan da ya bar aji, domin in sabon aikin zai ci karatun kamar yadda rumfa ta ci, to babu abin da aka sauya sai yawan kuɗin. Amma da na je wurin Injiniya, bayan yaron ya durƙusa ya ba da haƙuri ya ajiye naira 30,000 ɗin a gabansa, na faɗi ɗaya ɓangaren. Yaron da lissafinsa ke kawo ciniki, wanda ake iya turawa gida shi kaɗai ya auna, har yanzu ladan ɗan ɗauko tsani ake ba shi, kuma laifin rashin yanke wannan tun farko nawa ne da na Injiniya. Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne. A zaman aka tsayar da sabon tsari a gaban limamin masallacinmu: duk aikin da yaron ya samo da kansa zai kawo shi shago, a yi shi da sunan Injiniya da kayan aikinsa, Injiniya ya duba kafin a kunna, yaron ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aiki; aikin da Injiniya ya samo kuma a biya shi gwargwadon girmansa, ba ƙasa da naira 10,000 ba; ranakun karatu kuwa ba a kiransa ko da gari zai yi duhu wata guda. Injiniya ya mayar masa da 10,000 daga cikin kuɗin da ya ajiye. Wannan zama shi ne ƙarin albashi na gaskiya da ya samu, kuma ya samu ne saboda a lokacin maye gurbinsa ba abu ne na kwana biyu ba.

A 2025, da lokacin horon sanin makamar aiki na SIWES ya yi, wanda ɗaliban kimiyya ke yi na wata shida, ya yi nasa a shagon Injiniya tunda shagon yana da rajista, don haka watannin da wasu abokansa suka yi suna zaman benci a ofisoshi shi a kan rufi da gaban inbata ya yi su. Littafin da yake rubuta shiga da fita ya nuna cewa a lokacin karatu, da aikin Asabar da Lahadi da lesin gida ɗaya da ya riƙe, yakan samu tsakanin naira 60,000 zuwa 90,000 a watannin zafi, ya sauko zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar damina, a kan awoyin da ba su kai rabin na rumfa ba. Dole a karanta waɗannan adadi tare da tsadar rayuwa, domin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 a ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa, saboda haka naira 60,000 ta 2025 ba ninki uku ba ce na 20,000 ta 2023. Duk da haka ya ci darussan nan biyu da ya faɗi, ya biya ni bashina, yana kuma ɗauke wa mahaifiyarsa kuɗin makarantar ƙanwarsa ɗaya. Ɗaya daga cikin ayyukan da ya samo da kansa na Alhaji mai POS ne, wanda ya sa sola a gidansa.

Ba na so a ɗauki wannan a matsayin hanyar da kowane ɗalibi zai bi ya dace. Yaron yana da kawu da ya san iyayen yara da mai sana'a, wanda kuma zai iya ranta masa 15,000 a watan da abin ya tsaya. Da yawa ba su da wannan. Karatunsa ya dace da sana'ar. Da 'yar'uwarsa ce a matsayinsa, lesin zai yiwu, amma hawa rufin gidajen mutane da shiga shagon maza ba zai samu karɓuwa a gidansu ba, sai an nemo mata wata hanyar. Akwai kuma abin da har yanzu yake hana ni sukuni: aikin yana da haɗari, ana hawa bene ba igiyar kariya, wutar farantai in aka jera su da yawa tana iya kisa, kuma babu wani inshora a tsakaninsu, in ya faɗo, ɗinkin mahaifiyarsa da albashina ne za su yi jinya.

A watan da ya gabata Injiniya ya samu ayyukan haɗa famfunan ban ruwa masu sola a gonakin wajen Kura da Kadawa, ya nemi yaron ya jingine karatu na shekara guda ya jagoranci yara uku, da lada mai tsoka. Yaron ya zo mini da takarda ya riga ya yi lissafinsa, kuma a wannan karon lissafin awa yana goyon bayan tafiya gona. Mahaifiyarsa ce ta yanke maganar kafin in buɗe baki, ta ce shekara ɗaya ta rage, a gama ta. An tsaya a kan zai riƙa zuwa gonakin daga yammacin Juma'a ya dawo Lahadi da dare, wani yaron ya riƙe sauran kwanakin. Daga kuɗin aikin farko na sa ya sayi igiyar ɗaure ƙugu da hular kwano kafin na'urar awon wuta da yake ta buri, kuma a shafin ƙarshe na littafinsa yana rubuta jimillar abin da ya karɓa na rancen karatu duk wata, domin ya san adadin da ke jiransa bayan hidimar ƙasa.